Wasiƙar da Ta Kori Baba Mai Armonika

Ni ce na rubuta wasiƙar, da hannuna, a kan teburin da nake rubuta wa marasa lafiya magani. Gara in faɗi haka tun farko, don duk sa'ad da na tuna abin da aka yi wa tsohon nan raina ya ɓaci, cikin waɗanda nake jin haushinsu har da ni kaina.

Aikin jinya nake yi a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a Maraɗi, muna zaune a unguwar Zariya. Ɗiyata ta biyu tana da shekara goma a lokacin, tana wata lakwal ta kuɗi da ke bayan layinmu. Shekarar nan makarantun kuɗi sun shiga gasar jawo iyaye. Wannan ta ce tana koyar da na'ura, waccan ta ce tana da motar ɗaukar yara. Tamu sai ta ce kiɗa. Aka ɗauko wani saurayi mai son sa kwat ko da rana ta take, aka ce shi ne Mushe, wato malami, na armonika, ƴar mabusar nan ta ƙarfe mai kafofi a jere da ake gogawa a leɓe. An ce ya yi horon sati biyu a Yamai, ya dawo da takarda mai hatimi. Takardar ma an sa ta cikin gilashi an rataye a biro, wato ofishin darakta.

Ba a yi wata guda ba yarinyar ta dawo gida leɓenta duk ƙuraje, ko kunu ba ta iya kurɓa sai da hawaye. Na ɗauka zafin jiki ne. Sai ga wata uwa ta kawo mini ɗanta wurin aiki da irinsu, kashegari ga wata. Duk ƴan aji ɗaya. Na zaunar da ɗiyata na tambaye ta. Ta ce armonika biyu ce ga ajin duka, in wannan ya busa sai ya miƙa wa na kusa da shi, Mushe kuma yakan goge ta a hannun riga in ya tuna.

Ko farar rigata ban tuɓe ba na hau kabu-kabu. Darakta ya saurare ni yana juya biki, abin rubutunsa, a hannu, ya nuna mini gilashin nan na bango.

"Madan, mutumin nan fa yana da difulom."

"Difulom ɗin ne ya ce a tara yawun yara talatin a ƙarfe ɗaya?"

Aka kirawo Mushe. Ya yi murmushi, ya ce mini da Faransanci shi malamin kiɗa ne, ba ma'aikacin tsafta ba. Na dube shi sama da ƙasa, na fita ban yi sallama ba.

A satin na cire ɗiyata daga ajin kiɗa, na kuma rubuta wasiƙar. Na aika ta ga wata ƙungiya ta masu makarantun kuɗi, iyaye da dama suka sa hannu. Na ce a kafa ƙa'ida: kowane yaro da mabusarsa, kuma kada a bar kowa ya tsaya gaban yara da sunan malamin kiɗa sai an gwada shi an tabbatar ya iya. Na ji daɗin kalmomina sosai. Har na karanta wa maigidana sau biyu.

Yarinyar kuwa ta sa ni gaba da kuka, don ta riga ta kamu da son abin. Wata abokiyar aikina ƴar Tsibiri ta ce mini akwai wani tsoho ɗan garinsu da ke koya wa yara armonika a wata cibiyar yara ta unguwa, ba nisa da mu. Ranar Laraba da yamma na kai ta.

Mun iske shi zaune a tabarma cikin inuwar katanga, kekensa a jingine, yara kamar goma sha biyu sun kewaye shi. Dogo ne siriri, hularsa ta koɗe. Kowa Baba yake ce masa. Manomi ne. Da ƙuruciya ya tuƙa babbar mota zuwa Kwatano da Lome, can ya koyi busar wurin ƴan dakon tashar jirgin ruwa, bai sake ajiye ta ba. Laraba da Asabar yake hawo keke daga Tsibiri, ya koyar, ya koma.

Abin da idona ya fara kai wa shi ne butoci biyu da ƴar tasa. Kowane yaro sai ya kurkure baki kafin ya zauna. Kowace armonika tana cikin ƴar jakarta ta tsumma, an ɗaure da zare mai launi dabam, don kada ta wani ta shiga bakin wani. Na ji yana yi wa wani yaro faɗa don ya ci ƙuli-ƙuli a hanya.

"Ba ni hana ka ci ba," in ji shi, "amma ba yanzu ba. Gari ɗaya ya shiga ciki, ta kurumce."

Ɗiyata ranar ko taɓa mabusa bai bari ta yi ba. Ya ɗora mata ƴar auduga a tafin hannu, ya ce ta hura a hankali har audugar ta motsa amma kada ta faɗi. Ya sa ta ɗora ɗaya hannun a ciki don ta ji daga inda numfashi ke fitowa. Sati biyu tana wannan, tana dawowa gida tana ƙunƙuni. Sannan ya ba ta tata. Ba ya rubuta komai, ba shi da allo. Kafofin yake kira da lamba: uku hura, huɗu ja, huɗu hura, riƙe nan. Cikin wata uku sai ga yarinya zaune a tsakar gida tana busa waƙar da uwata ke yi mana in tana daka. Na fito daga madafa da ludayi a hannu na tsaya. Ban san ma Baba ya san waƙar ba.

Wasiƙa kuwa na manta da ita. Sai bayan damina aka kira ni a waya. Ƙungiyar ta karɓi kukana, an kafa komite na tantance malaman kiɗa, ana son in zauna ciki a madadin iyaye. Na sa sabon lufaya na tafi ina jin kaina.

Mu biyar ne. Shugaba wani Alhaji ne mai makarantu uku, mutum mai fara'a, mai son a yi abu a gama. Akwai daraktoci biyu, da ni. Na biyar, wanda ke riƙe da kundin rubutu a matsayin ƙwararre, Mushen nan ne mai kwat. Da na gan shi na ji kamar in juya. Alhaji ya ce duk garin shi kaɗai ke da takardar wannan fanni, dole a yi da shi.

An yi zama wajen sau shida, ana shan lemo ana jawabi. Ni na kawo maganar tsafta, aka yaba, aka ce a rubuta. Mushe ya kawo nasa sharuɗɗan: mai neman izinin koyarwa ya zo da birbe, wato takardar gama kwaleji, da takardar haihuwa, da hotuna, ya rubuta jarrabawa da Faransanci kan rubutun kiɗa na Turawa, mai layi biyar da ɗigo-ɗigon nan.

Na ce, "To waɗanda suka koya da kunne fa? Akwai wanda na sani, duk cikinmu ba wanda ya kai shi, kuma bai taɓa shiga aji ba."

Alhaji ya yi dariya. "Madan, ai ke kika nemi ƙa'ida. Ƙa'ida kuwa ba ta san sani ba."

Na yi ta gardama har suka yarda a bar marasa birbe su shiga jarrabawar bisa alfarma, suka kuma yi mini alkawarin gwajin busa shi zai fi nauyi. Alkawarin baki ne. Ban nemi a rubuta ba, na sa hannu. Wannan sa hannun har yau yana ci mini rai.

Cibiyar da Baba ke koyarwa ba makarantar kuɗi ba ce, amma masu ita suka ji tsoron a ce wurinsu ba shi da inganci, suka shiga tsarin ƙungiyar. Aka gaya masa sai ya yi jarrabawa. Ya ce ba za shi ba.

"Wa za ya gwada ni?" in ji shi. "In suna son ji, su zo nan su zauna bisa tabarma su ji yaran."

Ni ce na lallashe shi. Na ce masa cika ƙa'ida ce kawai, ina cikin masu zama, ba abin da zai faru. Ni na yi ta zirga-zirga har aka samo masa takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, ni na kai shi wurin mai hoto. Abu ɗaya ban gaya masa ba, cewa duk wannan hidima daga wasiƙata ta taso.

Aka sa jarrabawar a Jiratawa, a sabuwar makarantar Alhaji, don yana son baƙi su ga gininsa. Ba wanda ya yi tunanin mutumin da zai taso daga Tsibiri ya ratsa Maraɗi duka ya wuce kudu a kan keke. Ya iso kafin mu, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Sauran masu jarrabawar samari biyar ne, uku daga cikinsu Mushe ne ya koya musu.

Aka raba takardu. Baba ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na miƙe na ce bari in karanta masa tambayoyin da Hausa. Mushe ya buɗe kundi ya nuna mini layin da ya hana a taimaki kowa, ga sa hannuna a ƙasa. Na koma na zauna. Baba ya rubuta sunansa da ajami a saman takardar, ya ajiye bikin, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Haka ya zauna awa guda cur. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ni ce na kasa dubansa.

Gwajin busa minti uku ne kowa. Samarin suka yi nasu, kowa waƙa ɗaya iri ɗaya, biyu sun tsaya a tsakiya sun sake farawa. Da aka zo kan Baba ya kwance jakarsa, ya rufe mabusar da tafuka biyu, ya soma. Ban san yadda zan kwatanta ba. Yana buɗe hannu yana rufewa, sautin yana rawa kamar muryar mace mai kuka tana dannewa, can kuma ya juya ya koma na ƴan gayya a gona. Maginan da ke aiki bayan ajin suka leƙo ta taga da cokulan gini a hannu. Ɗaya daga cikin daraktocin na gan shi yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Mushe ya ƙwanƙwasa tebur da biki, lokaci ya cika. Ya ce da Faransanci a busa masa jerin sautin "do". Baba ya dube ni, na fassara iyakar iyawata.

"Ɗana," ya ce wa Mushe, "ban san shi da wanga suna ba. Busa mani in ji, sai in bi ka."

Mushe ya ciro tasa daga aljihun kwat ya hura. Da ya zo kafa ta huɗu sai ta yi wata ƙara kamar ƙofa mai tsatsa. Ya sake, ta sake. Baba ya miƙa hannu. Mushe ya ba shi. Tsohon ya ciro ƴar wuƙa, ya kwance murfin, ya ɗaga wani siririn harshen ƙarfe, ya zaro wani abu kamar ɓawon gyaɗa, ya mayar ya ɗaure, ya miƙa masa. Sannan ya ɗauki tasa ya busa jerin nan daga ƙasa har sama ya dawo, tsaf, ba gargada.

Ina kusa da Mushe, na ga abin da ya rubuta a takardar maki. Ya rubuta: bai san sunayen sauti ba.

Aka fitar da masu jarrabawa, muka rufe ƙofa. Aka haɗa maki. Rubutu kashi biyu cikin uku, busa kashi ɗaya. Na ce ba haka muka yi ba. Suka ce a nuna inda aka rubuta. Samari biyar sun ci, Baba ya faɗi.

Ban taɓa ɗaga murya a gaban manya irin ta ranar ba. Na ce duk mun ji da kunnuwanmu. Na ce mutumin da ya gyara wa mai gwaji kayan aikinsa shi za a ce bai iya ba? Na ce ku je ku ga butocinsa, ku ga jakunkunan yaransa, ku gaya mini a wace makarantarku ake haka.

Alhaji ya bari na gama. Ya ce, "Madan, ke ma'aikaciyar likita ce. Za ki yarda a bar boka ya shiga ɗakin fiɗa don kawai mutane na yabonsa?"

Na ce, "Alhaji, in bokan ne ke wanke hannu, mai difulom kuwa yana goge wuƙa a riga, wallahi wurin bokan zan kai ɗiyata. Kuma can na kai ta."

Mushe ya haɗa rai, ya ce an ci masa mutunci, a rubuta. Aka ɗaga hannu, huɗu da ɗaya. Don su nuna adalci sai suka kawo wata shawara: a ba Baba matsayin mataimaki, ya riƙa wanke mabusai yana gyara su a ƙarƙashin kulawar malami mai izini. A ranar ne kuma aka raba mana ɗan littafin ƙa'idojin da aka buga. Na duba maganar tsafta, wadda saboda ita aka fara komai. Tana shafin ƙarshe, ƙarƙashin kalmar "shawarwari". Ba dole ba ce.

Alhaji da kansa ya fita ya gaya masa, da fara'arsa, yana dafa masa kafaɗa. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Na gode." Ya ɗaure jakarsa a bayan keke, ya hau, ya kama hanya da tsakar rana. Na bi shi da jarkar ruwa ina kira, bai waiwayo ba.

Larabar da ta biyo, yaran suka taru a cibiya suka iske ƙofa a rufe. Ranar Asabar na hau mota na tafi Tsibiri. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran rumbu. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa. Na gaya masa komai, tun daga ƙurajen leɓe har wasiƙar da sa hannun.

Na yi zaton zai ce ba komai, haka Allah ya so, irin yadda tsofaffi kan rufe magana. Bai ce ba. Ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

"Ke kinka rubuta?"

"Ni ce, Baba."

"Kuma kina kawo mani ɗiyarki wata da watanni, kina zama bisa tabarmata, ba ki hwaɗa mani ba?"

Ya ci gaba:

"Wasiƙar ba ta dame ni ba. Uwa ce ke, an ɓata ma ɗiyarki baki, kin yi gaskiya. Amma ni ce maki ba ni zuwa. Ni san mi za a yi. Ke kinka ce in tahi. Shekaruna nawa, a aje ni bisa bencin yara, jikokina na rubutu ni ina kallon bango? Da kin bar ni, sai su ruhe ƙohwarsu in tahi da mutuncina."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ya ji. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don na ga ban cancanta a ranar ba. Da zan tafi ya ce in yarinyar tana so, zaurensa a buɗe yake ranar Asabar.

Cikin yaran nan goma sha biyu, uku ne iyayensu suka iya kai su Tsibiri, su ma ba kullum ba. Sauran suka watse. Na rubuta wa komite takardar ajiye aiki, layi biyu, ba wanda ya amsa.

Bayan kamar wata biyu sai ga motar Alhaji a ƙofar likitarmu. Ya shigo da fara'arsa kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu. Za a yi bikin miƙa takardun izini ga sababbin malamai, an gayyaci manyan baƙi da iyaye. Suna son wanda zai buɗe taron da busa mai daɗi. Sun gwada samarin, in ji shi, ya ɗan yamutsa fuska, to, har yanzu dai hannunsu bai faɗa ba. Ko zan yi wa tsohon nan magana? Za a aika mota ta ɗauko shi, za a ba shi kujera a gaba.

Na tsaya ina kallonsa, ina riƙe da allura a hannu. Na ce, "Alhaji, wanda bai san sunayen sauti ba?"

"Haba Madan, wannan daban, wancan daban. Koyarwa aka hana shi, ba busa ba."

Na so in ce masa ya fita. Amma na tuna sau ɗaya na taɓa yanke wa Baba shawara, na ga inda ta kai mu. Na ce zan isar.

Asabar na kai ɗiyata, na jira har suka gama, sannan na faɗa masa yadda Alhaji ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Yana goge mabusarsa da tsumma. Ya tambaye ni wace rana ce. Na ce Alhamis ta sama.

"Ki ce masu ranan ina kai taki gona."

Haka na gaya wa Alhaji a waya, kalma da kalma. Ya ce wane irin taki, ba a iya ɗagawa zuwa Juma'a? Na ce ban tambaya ba.

Ban je bikin ba. Maƙwabciyata da ta je ta ce an buɗe taro da wani kiɗa da aka sa daga wayar Mushe aka kara a lasifika, tsakiyar kiɗan kuma aka kira wayar. Ta ce samarin sun yi kyau cikin kwat, kowa an rataya masa kati a wuya mai hotonsa. Alhamis ɗin da yamma abokiyar aikina ƴar Tsibiri ta dawo daga gida. Na tambaye ta ko ta ga Baba. Ta ce ta wuce shi a hanyar gona, yana tafe bayan amalanken taki.